Karan da Omoding Ya Mayar

Ƙanena Omoding bai taɓa marin matarsa ba, bai taɓa kwana a kwata ba. Shi ya sa babu wanda ya kira shi mashayi sai da cikinsa ya kumbura kamar na saniya mai shirin haihuwa, idanunsa suka koma launin gwaiduwar ƙwai. Da ajon ya fara, giyar tambar nan tamu da ake zuƙa da dogon kara daga tukunya ɗaya, ana ƙara mata ruwan zafi ana hira. A ƙasar Teso ba a kiran wannan sha, zama cikin mutane ne. Daga baya waragi ta same shi, ta kwalba, mai ƙona maƙogwaro kamar an haɗiyi garwashi. Ita ce ta riƙa tashinsa da safe tun kafin zakara.

Ni na goya shi a keke zuwa ɗakin shan magani na garinmu. Likitan yaro ne, ko gemu bai tara ba. Ya danna cikin nan da yatsu, ya ce hanta ce.

“Baba, in ka ƙara ko cokali ɗaya, ka sa a fara haƙa maka rami. Ka daina.”

Na ce, “Ya daina ta yaya, ɗana?”

“Ya daina kawai. Na gaba ya shigo!”

Ka ji fa. Kamar mutum ya fito tsakar gida ya ce wa ruwan sama ya koma inda ya fito. Ni karatuna bai yi nisa ba, shanu suka janye ni daga makaranta, amma na san in ka ce wa mutum ya haye kogi, kana nuna masa mashigi.

Omoding ya gwada, Allah ya sani ya gwada. Kwana bai yi nisa ba hannuwansa suka kama rawa, ko ƙoƙon ruwa ba ya iya kaiwa baki. Ya ce ƙadangarun bangon ɗakinsa suna magana a kansa. Na so ƙwarai in ji abin da suke cewa, don ni mutum ne mai son irin waɗannan abubuwa, har ina da kaza mai cara a gida, amma ba lokacin tambaya ba ne. Da jikinsa ya fara fizga, matarsa Ikilai ta ruga da kanta ta sayo masa kwalba, tana ba shi tana kuka.

Daga nan muka shiga nema. Mun je babban asibitin birni, aka yi ta tura mu daga wannan taga zuwa waccan, har wata mai farin kaya ta ce mutumin da ke duba mashaya ya tafi kwas, ba ta san ranar dawowarsa ba, sai dai mu gwada sashen masu taɓin hankali. Omoding ya riƙe rigata.

“Yaya Egadu, ni ba mahaukaci ba ne. Mu tafi gida.”

Mun je wurin wani fasto da aka ce yana korar aljanin kwalba. Na tarar da mutane ɗaure da sarƙa a gindin bishiya, rana na dukansu, shi kuma yana cikin inuwa yana tambaya ko mun zo da akuya. Na juya keken tun bai gama magana ba. Mun je wurin wani mai maganin gargajiya a bakin fadama, wanda ya ce garinsa ba ya aiki sai an kaɗa shi a cikin waragi. Duk cikinsu wannan mai maganin ne Omoding ya fi yabawa.

Wata ranar kasuwa, muna dawowa daga babban asibitin nan karo na ban san nawa ba, tayar keke ta sace a bayan injin niƙa. Na bar Omoding wurin mai faci, na ɗan zaga, don idona ba ya iya zama wuri ɗaya. A bayan injin, ƙarƙashin wani mangwaro, na ga mutane zaune sun yi da'ira kamar yadda ake zaman ajon, maza da mata, tukunya a tsakiya. Amma tukunyar bakinta na ƙasa, gindinta na kallon sama, kuma babu kara ko ɗaya. Na taɓa ganin maraƙi mai wutsiya biyu, na taɓa ganin ruwan sama ya sauko da ƙananan kifaye, amma ban taɓa ganin mutanen Teso sun kewaye kifaffiyar tukunya ba. Na tsaya na saki baki.

Wata mata mai tabon ƙuna a hannu ta ɗago kai. “Tsoho, biki kake kallo, ko hanya ce ta ɓace maka?”

“Tukunyarku ce na ga ta kife.”

“Mu muka kife ta. Matso mana, ba ma cizo.”

Sai na gane ta. Ajulong ce, wadda a da babu wanda ya kai ta dafa waragi a duk yankin, har ranar da durom ya fashe mata. Ta ce rabin waɗanda ke zaune a nan ita ta shayar da su, ita kanta kuma ta sha ribarta har ta kusa mutuwa. Yanzu duk ranar kasuwa suna haɗuwa, kowa ya faɗi yadda ya kwana da ƙishirwarsa, wanda ya faɗi a ɗaga shi. Ta ce da farko sun zauna babu komai a tsakiya, sai bakin kowa ya mutu, don ɗan Teso ba ya iya buɗe cikinsa in babu tukunya a gabansa. Shi ne suka kawo ta suka kife.

Na ce, “To don me ba ku kafa allo ba? Mun kusa cinye tayar keke muna nemanku.”

“Wa zai shiga inda aka rubuta mashaya, surukarsa na wucewa za ta niƙa?”

“Asibiti fa, sun san da ku?”

“Mun faɗa musu har bakinmu ya gaji.”

Na waiwaya. Daga gindin mangwaron nan ana hango rufin asibitin, in ka yi kira da ƙarfi mai gadi zai amsa. Duk tagogin da muka tsaya, babu bakin da ya iya cewa ku zaga bayan injin niƙa. Raina ya ɓaci har na kasa zama.

Na jawo Omoding. Ajulong ta dube shi daga ido zuwa ciki, ta ce, “Tsohon kwastomana, ka yi ƙiba a wuri ɗaya.” Ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta ce masa kada ya sake gwada dainawa shi kaɗai a ɗaki, wanda jikinsa ya saba irin haka fizgar nan tana iya kashe shi. Akwai wata tsohuwar nas a sashen nan da yake tsoro, tana da maganin da ke kwantar da rawar jiki, kuma ba ta ɗaure kowa. Da ya fara noƙewa, sai ta ce, “Ni ma can na kwanta. Ka ga ina tsince-tsince a bola?” Ita ta raka shi har bakin gado.

Da ya fito, duk ranar kasuwa ina goya shi zuwa gindin mangwaro. Ni ba na shiga da'irar, ina zama a kan wani tsohon dutsen niƙa ina kallon tururuwa suna jan tsaba. Tun daga shuka har tamba ta nuna, ɗigo bai shiga bakinsa ba. Cikin ya saɓe, idon ya washe, ya koma bayan shanun huɗarsa. Abokan tukunyarsa suna wucewa suna cewa, “Fasto Omoding, a sa mana albarka!” Sai ya ci gaba da huɗarsa. Karansa na nan soke a rufin ɗaki cikin gorar da yake adana shi, gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

Ana cikin girbi matar ɗansa Ebiau, wato Amuge, ta haifi namiji. Ebiau shi kaɗai ne ɗan da ya rayu wa Omoding, wannan kuma jikan fari. Kowa ya san sunan wa za a sa. A danginmu, wanda za a ba jariri sunansa shi ke fara zuƙar tukunyar suna, sannan ya tsoma yatsa a ciki ya sa wa yaron a baki yana kiran sunan. In yaro ya tsotsa, ya karɓa. Mutumin da babu yaron da ya ɗauki sunansa, in ya mutu ya mutu gaba ɗaya. Omoding ya daɗe yana jiran wannan rana, tun kafin Ebiau ya san mace.

Ana gobe suna na tafi wurin shugaban dangi, Baffa Otukei. Ƙanin mahaifinmu ne, autan kakanmu, amma damina ɗaya aka haife mu da shi. Tare muka yi kiwo, na sha kayar da shi a kokawa. Duk da haka dole in durƙusa in ce Baffa.

“Baffa, ka san halin da ɗanka Omoding yake ciki. Likita ya ce ko cokali.”

“Likita a asibiti yake. Nan gidan kakanninmu ne.”

“Ciki ɗaya muka fito da shi. Ni in zuƙa a madadinsa, shi ya tsoma yatsa.”

“Ba a aron maƙogwaro ranar suna.”

Na ce, “Ashe? Shekarar da aka ba ɗan Asio sunan Ekweu mai manyan motoci fa? Ya ce cocinsu ta hana shi sha, direbansa ya zuƙa masa. Ina wurin, kai ka miƙa wa direban kara.”

“Wannan daban ne.”

“Na san daban ne. Bambancin yana da ƙaho biyu da wutsiya, kuma kai ka ci hantarsa.”

Ya buga sandarsa a ƙasa. “Egadu, tun kana yaro bakinka ya fi kanka girma. Kurɓi ɗaya bai taɓa kashe ɗan Teso ba. Da ajon aka raɗa wa Omoding suna, da ita aka ɗaura masa aure, yau don ya zauna da wata ƙonanniyar mata a bayan injin niƙa sai ya fi ƙarfinta? In ya sha, suna nasa. In ya ƙi, suna ya hau sama wurin babban dangi. Haka aka gada.”

Babban dangi kuwa shi ne. Yara nawa ke amsa Otukei a garin nan, in ka kira ɗaya sai rabin makaranta ta waiwayo. Bai ishe shi ba.

Na dawo na faɗa wa Omoding. Yana gyaran igiyar shanu, bai ɗago ba. Can ya ce, “Yaya, kurɓi ɗaya ne fa.”

“Haka ka taɓa tsayawa a ɗaya?”

Na hau keke na tafi neman Ajulong.

Washegari da hantsi tsakar gida ta cika. An dafa tuwon tamba da miyar gyaɗa da busasshen kifi, an girke babbar tukunya a tsakiya, karare sun miƙe daga bakinta zuwa hannuwan dattawa kamar ƙafafun gizo. Ajulong ta zo da maza biyu daga cikin mutanenta, suka zauna can gefe a inuwar rumbu, babu wanda ya miƙa musu ko ruwa. Aka fito da jaririn a hannun uwarsa, yana tsala kuka, don tun asuba aka hana shi nono saboda ya ji daɗin tsotsar yatsa.

Ikilai ce uwar gida, ita al'ada ta ɗora wa zuba ruwan zafi a tukunya. Ta durƙusa da butar, ta zuba. Tururi ya tashi, ƙamshin nan mai tsami-tsami ya bi tsakar gida. Ni da ba ni da ciwon sai da yawuna ya tsinke. Na dubi ƙanena, na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

Baffa Otukei ya zaro sabon kara, ya tsoma, ya miƙa masa. “Omoding, ɗan yayana, ga jikanka yana kiranka. Buɗe masa hanya.”

Omoding ya karɓa da hannun dama.

“Baffa, in tsoma yatsa kawai mana. Yaron ai ba zai san ban sha ba.”

“Kakanni za su sani.”

Wani daga cikin abokan tukunyarsa ya ce, “Zuƙa mana, Fasto, ba za mu faɗa wa bishop ba!” Aka kwashe da dariya. Ebiau ya matso kusa da kunnen ubansa ya ce: “Baba, ka jiƙa leɓe kawai. Don Allah. Sunanka nake so ya ɗauka.” Yaron kirki ne, bai san abin da yake roƙo ba. Ikilai tana nan durƙushe, ta manta da butar a hannunta, ruwan zafi na ɗiga kusa da gwiwarta.

Na dubi wajen rumbu, ina jiran Ajulong ta yi magana. Ko motsi ba ta yi ba. Ta dai zauna inda in ya ɗaga ido zai gan ta.

Omoding ya ɗaga karan har ya kusa taɓa leɓensa. Ya rufe ido. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ji kukan jaririn da kukan wata kurciya a kan rumbu sun haɗu sun zama abu ɗaya. Sannan ya buɗe ido, ya goge bakin karan da gefen rigarsa kamar yadda ake yi in za a miƙa wa na gaba, ya juya shi, ya miƙa da hannu biyu.

“Baffa, ga karanka. Ni so nake in ga yaron nan yana tafiya da ƙafarsa.”

A raina na ce yanzu kunya za ta kama tsohon nan, ya ce to tsoma yatsan. Ina! Ya karɓi karan, ya zuƙa har kumatunsa suka lotsa, ya tsoma yatsa, ya sa wa jaririn a baki, ya ce, “Otukei.” Yaro ya tsotsa mana. Da sanda aka miƙa masa a lokacin nan da ya tsotse ta. Mata suka rangaɗa guɗa.

A wurinmu ba a tsallake karan sha, babban laifi ne, ko yaro ya sani. Na miƙe da tsofaffin gwiwoyina, na bi da'irar nan ina tsallake su ɗaya bayan ɗaya, na Baffa na tsallake shi na dawo na sake. Ana ta ihu, “Egadu ya haukace!” Na ce, “Mai bijimi ya aiko direba, marar bijimi ya kawo hantarsa! Ku sha, Allah ya ba ku lafiyar sha!” A nan take suka ci ni tarar zakara. Washegari na aika musu da kazata mai cara, na ce su tantance da kansu.

Da na fito daga da'irar ban ga Omoding ba. A bayan rumbu na same shi, shi da Ajulong da mutanenta biyu. Ba ranar kasuwa ba ce, babu mangwaro, babu tukunyarsu. Ɗaya daga cikinsu ya samo wani tsohon ƙoƙo ya kife a ƙasa, suka kewaye shi. Ƙanena ya buɗe baki zai yi magana, sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da ban ji daga gare shi ba tun ranar da muka binne mahaifiyarmu.

Ajulong ta ce, “Yi abinka, tsohon kwastoma. Wannan ruwan likita bai hana ba.”

A ranar na shiga da'irar, na zauna kusa da shi. Daga tsakar gida ana jiyo waƙa ana kiran sunan Otukei.

Yaron yanzu yana rarrafe, ya fara kama bango. Kowa na kiransa Otukei, har uwarsa. Ni ban taɓa ba, “kai” nake ce masa. Omoding kuwa yana nan yana huɗa, ranar kasuwa shi ke tuƙa keken yanzu, ni ke zaune a baya. In ya dawo daga gona yaron ne ke fara isa ƙafarsa.

Kwanan baya da la'asar muna zaune a jikin bangon ɗakinsa, yaron na kan cinyarsa, haƙori na masa ƙaiƙayi. Ya kamo yatsan kakansa, busasshen yatsa mai ƙurar gona, yana jujjuya shi. Na duba hagu da dama, babu kowa. Na sunkuya na ce a hankali, “Omoding.” Yaron ya kai yatsan baki ya kama tsotsa.

Ƙanena ya ce, “Yaya, ka bari.” Amma bai janye yatsan ba.

Akwai wani jan-gwada a kan bangon, ya ga komai, har ya gyaɗa kai. Na je na faɗa wa Baffa Otukei. Ya ce ƙadangare ba ya shaida a dangi. Na ce direba ma ai ba ya yi, sai da aka ga bijimi. Tun daga ranar in mun haɗu a hanya ba na durƙusa masa, na ce gwiwoyina sun lalace wurin tsallake kara.